Wa Ya Kori Luis Suarez Daga Gida?

Har yau akwai masu cewa kwaɗayi ne ke fitar da ɗan ƙwallo daga ƙasarsa. To, su dubi Luis Suarez na Sifen, ba takwaransa na Uruguay ba. Ya taimaki Barcelona ta ci gasar ƙasa a 1959 da 1960, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Turai a 1960. Da me aka saka masa? Da ihu daga magoya bayan ƙungiyarsa, waɗanda suka fifita Kubala a kansa. Shugabanni kuwa, da bashin ginin filin Camp Nou ya shaƙe su, sai suka sayar da shi ga Inter ta Italiya a 1961, tamkar hajar kasuwa.

Shin wa ya yi asara? Inter ta ɗauki kofin Turai a 1964 da 1965. Barcelona ba ta sake cin gasar ƙasa ba sai 1974. Duk da haka Suarez bai riƙe ƙasarsa a zuci ba, domin da shi Sifen ta zama zakarar Turai a 1964. A Milan ya rasu a 2023. Lalle kafin mu zargi wanda ya tafi, wajibi ne mu tuhumi waɗanda suka karɓi kuɗinsa.