Sauya Babbar Manhajar Kwamfuta: Sabo Ma Jari Ne

Babbar manhaja ita ce manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfuta gaba ɗaya, domin ita ke haɗa na'ura da sauran manhajoji, ita ke tsara inda fayiloli suke zama, kuma ta hannunta ne mai aiki yake ba da kowane umarni. Saboda haka sauya ta ya fi kama da tashi daga tsohon gida zuwa sabo, inda kayan mutum suna nan yadda suke amma ƙofofi da ɗakuna sun canza wuri. Wannan ƙaura ta zama wajibi ga miliyoyin mutane tun ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya janye kulawar yau da kullum daga Windows 10, wadda ya fitar a shekarar 2015, ya kuma nuna wa jama'a hanyar Windows 11.

Janye kulawa ba ya nufin kwamfuta za ta daina aiki, abin da yake nufi shi ne za ta daina samun sabuntawar tsaro, wato gyare-gyaren da ake aikowa ta intanet domin toshe kafofin da masu kutse suke bi. Illar rashin wannan gyara ta bayyana a watan Mayun 2017, sa'ad da muguwar manhajar WannaCry, mai kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a ƙasashe kusan 150, har ta tilasta wa asibitoci a Ingila ɗage ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ya fitar da maganin tun watan Maris, sai dai kwamfutocin da abin ya shafa ba a saka musu shi ba.

Hausawa kan ce sabo turken wawa, amma a fagen aikin kwamfuta karin maganar ba ta yi wa ma'aikaci adalci ba. Akawun da ya shekara goma hannunsa yana zuwa wuri guda ba tare da tunani ba ya tara ƙwarewa ce, kuma ita ce ke sa ya gama cikin minti biyar abin da baƙo zai kwashe rabin sa'a yana lalube. Kamfanin Microsoft da kansa ya ɗanɗana wannan darasi a 2012, lokacin da ya cire maɓallin farawa daga Windows 8, jama'a suka yi ta ƙorafi har ya mayar da shi bayan shekara guda. Ke nan jinkirin da ake gani a makonnin farko na sauyi asarar jari ce ta ɗan lokaci, wadda ya kamata shugabannin ma'aikatu su sa ta cikin lissafi maimakon su ɗauke ta a matsayin taurin kai.

Matsalar sauyin ta fi tsanani a wuraren da akasarin kwamfutoci na hannu ne, kamar shagunan buga takardu da makarantu da ƙananan ofisoshi a Nijeriya da Nijar, domin Windows 11 tana buƙatar sabon samfurin ƙwaƙwalwar sarrafawa da kuma TPM 2.0, wani ɓangare na tsaro da ke adana mabuɗan sirri, abin da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Mai irin wannan na'ura yana iya komawa Linux, babbar manhajar kyauta da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, wadda nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint suke tafiya lafiya a kan tsohuwar kwamfuta.

Sai dai kyauta ba ta ɗauke wahalar koyo, kuma birnin Munich na Jamus shaida ne. Majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Linux a 2003, aka shafe kimanin shekara goma kafin a sauya kwamfutoci wajen 15,000, sannan a 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma daga cikin dalilan da aka bayar akwai koke-koken ma'aikata da wahalar musayar takardu da wasu hukumomi. Manhajar ta yi aiki, amma biyan buƙatun masu amfani da ita ya fi saka ta wuya.

Abin da ya dace da kowace ma'aikata shi ne ta fara da ajiye kwafin fayiloli a wani wuri daban, ta gwada sabuwar manhajar a kan kwamfuta ɗaya ko biyu domin a tabbatar na'urar buga takarda da manhajar lissafin kuɗi suna aiki, sannan ta ware kuɗi da lokaci na horarwa kamar yadda take ware na sayen kaya, ta kuma guji yin sauyin a tsakiyar jarrabawa ko lokacin biyan albashi. Duk shugaban da ya biya kuɗin manhaja ya hana ma'aikacinsa mako biyu na koyo, zai biya bashin daga baya da takardun da suka ɓata da jama'ar da suka gaji da jira a bakin ofis.