Karikó da ma'aunin da ya kasa auna ta

Duk lokacin da aka fitar da jerin masana kimiyya na duniya da ake kira na Jami'ar Stanford, wanda John Ioannidis da abokan aikinsa ke haɗawa daga alƙaluman Scopus, sai jami'o'inmu su cika kafafen labarai da taya murna. Daga nan lambobin su biyo sawun takardu zuwa teburorin Abuja, inda ake tace sunayen waɗanda za a naɗa shugabannin hukumomi, ko a ba su kuɗin bincike na TETFund, ko lambar girmamawa ta ƙasa. Ma'aikacin da ke rubuta wa minista taƙaitaccen bayani ba likita ba ne, don haka ya kan jingina da abin da zai iya ƙirgawa: takardu nawa mutum ya wallafa, kuma sau nawa wasu masana suka ambace su. Ina ganin wannan jingina ta yi yawa, kuma tarihin Katalin Karikó ya isa hujja.

Karikó 'yar Hangari ce, ta koma Amurka a 1985, ta kama aiki a Jami'ar Pennsylvania a 1989. Hankalinta duka yana kan mRNA, wato saƙon da ke gaya wa ƙwayar halitta irin furotin da za ta ƙera. Masu ba da kuɗin bincike ba su ga alamar riba ba, suka yi ta mayar mata da buƙatunta, har a 1995 jami'ar ta rage mata matsayi. Matsalar da ta addabi aikin ita ce, idan aka shigar da mRNA na ƙirar ɗakin gwaji cikin jiki, garkuwar jiki na ɗaukarsa abokin gaba, sai kumburi ya biyo baya. Ita da Drew Weissman suka gano cewa sauya ɗaya daga cikin tubalan saƙon, uridin, yana sa garkuwar ta ƙyale shi. Manyan mujallu suka ƙi takardar, mujallar Immunity ta buga ta a 2005, kuma shekaru suka shuɗe ba tare da ta ja hankalin mutane da yawa ba. A kan wannan binciken aka gina allurar korona ta Pfizer da BioNTech da ta Moderna. A 2023 su biyun suka karɓi kyautar Nobel.

A waccan shekarar ta 2005 ɗin dai, Jorge Hirsch, masanin fiziya a Kalifoniya, ya fito da ma'aunin h da ake yayi yanzu. Mai h 20 shi ne wanda ke da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Dabara ce mai kyau, amma abin da take aunawa shi ne yawan masu waiwayar aiki a yau, alhali amfanin binciken lafiya kan ɗauki shekara goma sha biyar kafin ya isa gadon asibiti. Lokacin da mujallar Nature ta jera takardu 100 da aka fi ambata a 2014, ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Takardar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ko shiga jerin ba ta yi ba.

Ga mu kuma akwai ƙarin tarnaƙi. Ambato yana bin yawan masu aiki a fage. Wanda ya duƙufa kan zazzaɓin Lassa, ko cutar noma da ke cin fuskokin yara, ko sikila, abokan fagensa a duniya kaɗan ne idan aka kwatanta da masu binciken sankara, don haka lambarsa za ta zauna ƙasa ko da aikinsa ya ceci rayuka a Sakkwato. Shi kuwa mai wayo ya san yadda ake kumbura lamba: ya yanka bincike ɗaya gida uku, ya yi ta ambaton kansa, ya sa sunan aboki a takardarsa don aboki ya rama masa.

Ba cewa nake a jefar da alƙaluma ba; farfesan da ya shekara ashirin babu wanda ya taɓa kafa hujja da aikinsa, lallai akwai tambayar da zai amsa. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan tantance bincike ta nemi a duba abin da takarda ta ƙunsa maimakon sunan mujallar da ta buga ta. Mai haɗa fayil zai iya neman kowane ɗan takara ya zaɓi ayyukansa uku, ya bayyana a shafi guda abin da kowanne ya sauya a asibiti ko a tsarin lafiya, sannan a miƙa wa masana biyu na fagen su karanta kafin takardar ta hau teburin babban sakatare.