Wasiƙa Zuwa ga Masu Kiwon Ɓerayen Gwaji



Ina so mu yi magana a kan dusar katakon da kuke kwashewa daga keji. Fitsarin da ya jiƙa ta na ɗauke da sinadarai, ciki har da wasu furotin da hantar ɓera ke sarrafawa. Mace na shaƙar su ta wata ƙaramar gaɓa da ke cikin hanci, saƙon ya wuce ƙwaƙwalwa, ya juya lamarin haihuwarta.

An daɗe da gano haka. A 1955, masu bincike Lee da Boot a Holan suka lura cewa idan aka cunkushe mata ba namiji, lokacin neman barbararsu, wanda kan zagayo duk kwana 4 ko 5, yakan jinkirta ko ya tsaya. A 1956 Wesley Whitten ya nuna cewa warin namiji na tayar da su, yawancinsu su karɓi barbara a dare na uku. Saboda haka in ana son ɗaukar ciki a lokaci guda, ku zuba wa matan ɗan dusar kejin namiji kwana uku kafin a haɗa su.

Wanda ya fi jawo asara shi ne abin da Hilda Bruce ta bayyana a Ingila a 1959. Macen da aka yi wa barbara, in ta shaƙi warin baƙon namiji kafin ƙwan ya kama mahaifa, sinadarin prolaktin yakan ragu a jikinta, cikin ya lalace. Warin wanda ya barbare ta ba ya yin haka, domin ta riga ta san shi. Don haka a kwana 5 na farko bayan barbara kada ku kusanto mata da baƙo, ko dusarsa, ko safar hannun da kuka taɓa shi da ita.

Ku kula da ƙanana ma. John Vandenbergh ya nuna a Amurka a 1967 cewa 'yan matan ɓeraye na saurin balaga in suna tare da babban namiji. Hakan kaɗai na iya rikita sakamakon mai bincike.

Ku riƙa sauya safa tsakanin keji da keji, ku wanke keji sosai kafin ya karɓi sabon ɓera, sannan ku rubuta a katin kowane keji wa ya zauna da wa, kuma yaushe. Ranar da haihuwa ta ragu, katin za a fara dubawa kafin a zargi abinci ko zafi.

Allah ya yi wa sana'a albarka.

Naku,
Wani abokin aiki