Mutum 900 Sun Ishi Hanakapi'ai

Mota ba ta zuwa magangarar ruwan Hanakapi'ai, a tsibirin Kauai na jihar Hawai ta Amurka. Kwalta tana ƙarewa ne a gandun shaƙatawa na Ha'ena, can arewacin tsibirin, daga nan kuwa sai ƙafa. Ana bin gefen tsaunukan Na Pali kimanin kilomita 3, teku na dukan duwatsu a ƙasa, har a gangara bakin rairayi. Sannan a juya a shiga kwari, wasu kilomita 3, ana tsallake rafi ɗaya sau da dama, ana ratsa gora da gwaiba da kufan gonakin kofi na ƙarshen ƙarni na 19. Inda dutse ya tare hanya, nan ruwan yake zubowa daga tsayin kusan mita 90. Zuwa da dawowa kusan kilomita 13 ne, aikin yini guda ga mai matsakaicin ƙarfi, kuma babu mai dawowa da takalmi fes.

Tun daga 2019, ƙarfin gwiwa kaɗai ba ya kai baƙo wurin. Sai ya nemi izini ta intanet tun kafin ranar, domin hukumar jihar ta ƙayyade masu shiga gandun, mutum 900 a yini. Wasu matafiya suna ƙorafin cewa an mayar da halittar Allah ta 'yan tikiti. Ƙorafin yana da daɗin ji, amma hukuma ce ke da gaskiya.

Kafin dokar, a lokacin cikar baƙi, akan samu mutum 2,000 zuwa 3,000 a yini a wannan ɗan lungu. Motocin haya su cika gefen titi mai hannu biyu, su toshe ƙofofin gidajen mutane, baƙi su tattake duk inda ƙafa ta samu. 'Yan asalin wurin, waɗanda kakanninsu suka noma gwaza a fadamar Ha'ena kuma suka kama kifi a gaɓarta, sun koma kamar baƙi a bikin gidansu. An daɗe ana tsara yadda za a rage cunkoson, takarda na kwance, har ruwan sama ya yanke hukunci. A ranakun 14 da 15 ga Afrilun 2018, ma'aunin ruwa a Waipa, kusa da garin Hanalei, ya nuna milimita 1,262 cikin awa 24, adadin da ba a taɓa aunawa ba a tarihin Amurka. Ƙasa ta zaftare a wurare da yawa, titin Kuhio da ke kaiwa gandun ya yanke, gandun ya zauna a rufe sama da shekara guda. Mazauna yankin suka ga gaɓarsu babu cincirindo, suka ga kifi ya dawo kusa da tudu. Da aka zo buɗewa a watan Yunin 2019, babu mai sha'awar komawa gidan jiya.

Hujja ta farko da ke goyon bayan hukuma ta rai ce. Kauai tsibiri ne na ruwa. Tsaunin Wai'ale'ale da ke tsakiyarsa yana samun ruwan sama sama da mita 11 a shekara. Rafin da mutum ya tsallake da safe yana iyakar idon sawu zai iya zama kogi da azahar, ko da ɗigo bai sauka a kansa ba, saboda a bisa tsauni aka yi ruwan. A Afrilun 2014 sai da 'yan kwana-kwana suka kwashe matafiya 121 da jirgi mai saukar ungulu, bayan rafin Hanakapi'ai ya cika ya datse musu hanyar komawa. A bakin rairayin ma akwai wani allon katako da aka daɗe ana zana layuka a kansa, ana ƙirga waɗanda igiyar ruwa ta ja. Duk ƙarin mutum a kwarin ƙarin nauyi ne a wuyan masu ceto, kuma su ma 'ya'yan wasu ne.

Hawai ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka bar ƙofa a wangale har masifa ta auku. Ranar 9 ga Mayun 1999, duwatsu suka rufto a kan masu yawo a magangarar Sacred Falls da ke tsibirin Oahu, mutum 8 suka mutu, gommai suka jikkata. Kotu ta ce gargaɗin da jihar ta kafa bai wadatar ba, jihar ta biya diyyar sama da dala miliyan 8, aka rufe wurin. Har yau a rufe yake, sai masu satar shiga don ɗaukar hoto, waɗanda akan ci tara. Ƙayyade adadi ba zai hana dutse faɗowa ba, amma mutanen da ke ƙarƙashinsa ranar da zai faɗo ba za su kai na da ba. Ga kuma hukumar da ta san yawan waɗanda ta bari suka shiga, tana iya rufe hanya da zarar hadari ya haɗo.

Hujja ta biyu ta dajin ce. A shekarar 2018, shekarar ruwan da ya rufe gandun, ne aka gano a Kauai cutar da ke kashe itacen ohi'a, ginshiƙin dazuzzukan Hawai, cutar da ke iya tafiya a cikin taɓon takalmi. Shi ya sa aka kafa buroshi a bakin hanyoyi da dama, ana roƙon matafiyi ya goge ƙafa. Mutum ɗari tara ana iya sa musu ido, dubu uku kuwa sai dai addu'a.

Masu ƙorafi suna da abin faɗa a wuri ɗaya. Ana buɗe neman gurbi kwana 30 kafin ranar, kuma nan da nan yake ƙarewa, musamman wurin ajiye mota. Mai tsara tafiyarsa tun da wuri shi ke ci. Wanda ya tashi da safe ya ga gari ya yi kyau, sai haƙuri. Wannan gyara yake nema, misali a riƙa ware wasu gurabe na ranar. Amma zargin cewa an sayar wa masu kuɗi da wurin bai tsaya ba. Kuɗin shiga dala 5 ne, ga wanda ya riga ya biya jirgi ya tsallaka tekun Fasifik, akwai kuma motar safa da ke kwaso baƙi daga wajen Hanalei. Mazaunin Hawai kuwa katin shaidarsa kawai zai nuna ya wuce, ba izini ba kuɗi.

A nan ne tsarin ya fi burgewa, domin bai tsaya ga jami'an gwamnati ba. Ƙungiyar iyalan yankin, Hui Maka'ainana o Makana, wadda ta farfaɗo da gonakin gwaza a cikin gandun, tana cikin masu tafiyar da shi, kuma 'yan yankin ne ke aikin ƙofa da na safa. Jihar ta ɗauki darasin ta kai wasu wurare: gandun Wai'anapanapa a Maui ya koma neman izini a 2021, dutsen Diamond Head na Honolulu ya bi sahu a 2022.