Kafin Ka Rubuta Wa Babanka "Petty Trader"

'Yan uwana Hausawa mazauna Yerwa da kewaye. Yau maganar Turanci zan yi, amma ku kwantar da hankalinku, ni ma iyakata sakandare. Kalmomi uku ne kawai nake so mu duba, wato petty da trivial da minor. Dukkansu suna nuni da abu ƙarami ko wanda bai taka kara ya karya ba, amma kowace da wurin zamanta, kuma a ganina rashin sanin wurin nan yana jawo mana asara ba tare da mun lura ba.

Mu fara da petty, don ita ta fi shafar mu 'ya'yan 'yan kasuwa. Asalinta daga Faransanci ne, petit, wato ƙarami. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gamborun Ngala zuwa Kusiri, ko ya leƙa Diffa, ya ji ta a bakin mutane. A Turanci ana cewa petty cash, kuɗin kashewa na yau da gobe da ake ajiyewa a aljihun tebur. Ana cewa petty theft, ƙaramar sata irin ta ɗan sane. Idan kuma aka ce he is a petty man, to zagi ne, ana nufin mutum mai riƙo a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai kuma petty trader, wato mai ƙaramin jari, kamar mai tebur ko mai talla.

To a nan gizo ke saƙar. A nan Wulari, da Hausari, da Gwange, idan aka ba yaro fom a makaranta ko a banki aka ce ya rubuta sana'ar mahaifinsa, sai ka ga ya rubuta petty trader, ko da kuwa uban yana da shago uku a Monday Market, ko yana loda motar busasshen kifi daga kasuwar Baga Road zuwa Anacha. Me ya kawo haka? Kunyarmu ce ta Hausawa. Tambayi kowane Alhaji yaya kasuwa, zai ce maka "muna ɗan taɓawa", ko "wani ɗan shago ne nake zama". Mu mun san wannan "ɗan" na kawaici ne, kowa ya gane. Amma takardar Turanci ba ta san kawaici ba. Abin da ka rubuta shi za a karanta, kuma wanda zai karanta bai san babanka ba.

Ku tuna lokacin da gwamnatin tarayya ta fito da shirin TraderMoni a 2018. Bashin farko Naira 10,000 ne, kuma waɗanda aka yi shirin dominsu su ne ake kira petty traders. Ke nan a idon hukuma wannan kalma tana da ma'auni: mutumin da dubu goma za ta motsa jarinsa. Wanda ke sarin buhunan wake ɗari ya sa kansa cikin wannan layi, sa'an nan gobe ya je banki neman bashin miliyoyi, wa zai saurare shi? Shi wholesaler ne, mai sayar da sari. Mai shagon da ke sayarwa ɗai-ɗai kuwa retailer ne. In ka rasa, rubuta trader kawai, ta wadatar.

Ta biyu ita ce minor, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Ma'anarta abin da bai yi tsanani ba, kishiyar major. A ce he had a minor injury, ya ɗan ji ciwo, daidai ne. Tana kuma nufin yaron da bai kai shekarun girma a doka ba. Amma ku dubi abin da ya same mu a garin nan. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Monday Market. Ranar 10 ga Satumban 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar, ya shiga Gwange da fadar Shehu da gidan zu. Bayan irin wannan musiba, abin da ke biyo baya shi ne ɗaukar sunaye da rubuta asara. Bahaushe idan ka yi masa jaje zai ce "alhamdulillahi, abin ya zo da sauƙi", don ya tsira da ransa. Idan ɗansa ya juya wannan ya rubuta minor damage, to ya faɗa wa masu rabon tallafi cewa a wuce shi a ba na gaba. Godiya a baki daban, lissafi a takarda daban. Rubuta buhu nawa, katan nawa, kuɗinsu nawa.

Ta uku trivial. An ce ta samo asali daga Latin, daga kalmar da ke nufin mararrabar hanya uku, inda kowa ke wucewa, shi ya sa take nufin abin da ba shi da wani muhimmanci. Da magana ko matsala ake haɗa ta: they quarrelled over a trivial matter, sun yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba a cewa trivial trader. Kuma kada ka rubuta wa hukuma koke ka fara da cewa matsalarka trivial ce don ladabi. Ka riga ka ba su izinin jefa takardar a kwando.

Na san wasu za su ce ai ɓoye samu dabara ce, don gudun haraji da idon ɓarayi da bakin mutane. Ban ƙi ba, garin nan ya koya mana taka tsantsan. Amma rashin bayyana dukiyarka ga kowa da kowa abu ɗaya ne, rubuta abin da ba haka yake ba a takardar da za ta yi maka shaida wani abu ne daban. Wasu kuma za su ce ina raina masu ƙaramin jari. Ko kusa. Wanda tebur gare shi ya rubuta petty trader da alfahari, ba zagi ba ne. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, da ƙaramin ciniki ya fara kafin fataucin goro da gyaɗa su ɗaga shi, har ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Abin da nake cewa kawai, kowa ya sa rigar da ta yi masa daidai.

Kuma abin ya fi shafar mu da muke zaune a garin da ba na kakanninmu ba. A kasuwa Hausa ake ji, Babarbare da Shuwa da Babur da Margi duk da ita muke ciniki. Amma da an shiga ofis sai Turanci, kuma da yawa cikinmu ba su da wani na sama da zai ce "na san shi". Takardarmu ita ce mai yi mana magana.

Don haka 'yan uwana matasa, mu da iyayenmu ke miƙa wa biro, idan Baba ya ce "rubuta ɗan kasuwancin da nake yi", ka amsa da to, amma wannan "ɗan" ka bar shi a zaure, kada ka kai shi kan takarda.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.