Sannunku Da Aiki, Masu Bisharar Ƙauye

Gaisuwata ta yau ta mai bisharar ƙauye ce, shi da matarsa. Ina nufin mutumin da aka miƙa wa takardar aiki zuwa wani gari da mota ba ta shiga da damina, ya ɗaure katifa da tukwane a bayan babur, ya sauka inda ba shi da dangin iya balle na baba, ya samu aron ɗaki ɗaya a gidan wani, ya fara sujadar Lahadi a gindin bishiya da iyalinsa kaɗai. Majami'u da yawa a karkarar Kano da Katsina da Jigawa da Zariya, da na ƙasar Gbagyi da Kambari da Dukawa, da haka suka soma. Wanda ya shiga irin waɗannan majami'u yau ya tarar da benci da rufin kwano da ƙungiyar mawaƙa, da wuya ya tuna cewa akwai wanda ya yi shekaru yana wa'azi ga mutum huɗu ko biyar, yana noma abin da zai ci da hannunsa. Baba Fasto, Malam mai bishara, Mama, sannunku da aiki. Allah ya saka muku.

Aikin nan yana da tarihi mai tsada. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan tamu. A shekarar da ta biyo baya biyu daga cikinsu suka rasu, Kent a Bida, Gowans a Girku, Bingham kuwa ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 mishan ɗinsu, SIM, ya samu kafa tasha a Patigi. Likita Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a Zariya, ya ba da shekarunsa ga fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ana ba da wannan labari sau da yawa, kuma ya cancanta. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na 1948, lokacin da 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyar aika nasu masu bishara da baikon aljihunsu, wadda yau muke kira EMS. Ta riga ɗarikar ECWA kanta tsayawa da ƙafarta, domin ita sai a 1954 aka kafa ta. A zamanin da Fasto Panya Baba ya jagoranci EMS, daga 1970 zuwa 1988, aikin ya bazu ƙwarai har ya tsallaka iyakar Nijeriya. Ɗarikun COCIN da EYN da HEKAN da Baftis da Angilika duk suna da irin nasu mutanen, Katolika na da katikis ɗinta, haka ma 'yan'uwanmu na Nijar wajen Maraɗi da Tsibiri da Galmi. Bature ya buɗe ƙofa, amma ƙafar da ta taka mafi yawan ƙauyukan nan ƙafar ɗan ƙasa ce.

Abin da ya fi burge ni a wurinku shi ne yadda kuke shiga gari. Mai bisharar da ya san aikinsa ba ya fara da wa'azi a kasuwa. Yana fara da zuwa gaida mai unguwa da dagaci, ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin baƙon da ya shigo a sace, a sace za a riƙa kallonsa har ya tafi. Daga nan ya nemi aron gona. In an yi gayya ya fito da fartanyarsa, in an yi rasuwa ya zauna zaman makoki, ko mamacin na addininsa ne ko ba nasa ba ne, in an yi haihuwa matarsa ta je barka. Da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, ya shimfiɗa tabarma ya koya wa manya da yara abacada. Mutane da yawa a ƙasar Maguzawa a irin wannan aji suka fara haɗa baƙi da wasali, 'ya'yansu kuma suka zama malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Ita kuwa Mama, ba a rubuta sunanta a takardar aiki yadda ya kamata, amma ta hannunta ake shiga cikin gidaje inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Sau da yawa zumuntar mata ta riga majalisar dattawa kafuwa, kuma ita ce ke riƙe da ekklesiya a shekarun da maza ke tafiya cin rani.

To, Baba, tunda na gaishe ka, ka yi mini izini in faɗi abin da ya rage.

Ga tambayar da nake so kowane mai kafa ekklesiya ya yi wa kansa da dare: in gobe aka yi mini canjin wurin aiki, ko ciwo ya kwantar da ni wata uku, za a yi sujada ranar Lahadi? Wa zai buɗe Littafi ya karanta? Wa zai je gidan da aka yi rasuwa ya yi addu'a? A wurare da dama amsar ba ta da daɗi. Akwai majami'un da suka shekara ashirin, amma har yau fasto ne ke kaɗa ƙararrawa, shi ke ba da waƙa, shi ke wa'azi, shi ke ƙirga baiko, makullin ɗakin sujada ma a aljihunsa yake kwana. Ba mugunta ke jawo wannan ba. Mutum ya sha wahala a kan abu, yana tsoron kada wani ya ɓata shi, kuma gaskiya ne cewa sabon tuba in ya tashi wa'azin farko zai yi ta in-ina. Amma majami'ar da ba ta iya numfashi sai da mutum ɗaya, ba a gama kafa ta ba, ko da an yi mata hasumiya.

Manzo Bulus bai daɗe a garuruwan da ya yi aiki ba. A Korinti shekara ɗaya da rabi ya yi, a Afisa wajen shekara uku, a Tasalonika ɗan lokaci kaɗan aka tilasta masa fita. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa da shi da Barnaba suka komo ta Listira da Ikoniya da Antakiya, sai suka naɗa dattawa daga cikin mutanen garin, mutanen da ba su daɗe da ba da gaskiya ba. Bulus ya bar Titus a Karita don wannan aiki ɗaya. Ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane waɗanda su ma za su iya koya wa wasu. Henry Venn, sakataren CMS a ƙarni na 19, ya zo ya jaddada cewa ekklesiya tana bukatar abu uku: ta riƙe kanta da kuɗinta, ta yi mulkin kanta, ta kuma kai bishara gaba da kanta. Kamar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya goce tukunya ba ta zama.

Yaya ake yin wannan a ƙauye? Tun a shekarar farko ka sa ido a kan mutum biyu ko uku, kuma kada bakin magana ya ruɗe ka. Duba wanda gari ke kai wa ƙara in an yi rigimar iyakar gona, wanda matarsa ba ta kuka da shi, wanda in ya ci bashi yake biya. Ka riƙa tafiya da su ziyarar marasa lafiya, yau kai ka yi addu'a, gobe su su yi kana tsaye. Ka ba su karatun nassi, daga baya ka ba su addu'ar safe, daga baya wa'azin yamma na minti goma, kai kuma ka zauna a benci ka saurara, ka yi musu gyara a ɗaki ba a gaban jama'a ba. In lokaci ya yi, ka bar musu Lahadi guda ka tafi ƙauyen gaba. Wanda ya nuna baiwa, a haɗa masa kuɗi a aika shi makarantar Littafi Mai Tsarki, irin ta Malumfashi ko Tofa ko Kagoro, da alkawarin zai dawo gida. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san dalilin da ya sa gidan wane ba sa gaisawa da gidan wane, shi ya san abin da tsofaffi ke tsoro in an ce su bar tsafin kakanni, kuma shi ba za a ce masa ya koma inda ya fito ba.

Yau wannan magana ta wuce ta tsari, ta zama ta rai. A 2014 Boko Haram ta kama hedkwatar EYN a Kwarhi, majami'u masu yawa suka watse. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Katsina da Zamfara da Kaduna da Neja, an sace fastoci, wasu an kashe su. Inda aka saba cewa kowane maigida yana iya tara iyalinsa ya karanta nassi ya yi addu'a, jama'a ko sun yi gudun hijira sukan sake haɗuwa su ci gaba da sujada a ajin makaranta ko a tsakar gidan wani. Inda komai ke hannun fasto, tafiyarsa ita ce ƙarshen zance.

Batun kuɗi ma yana nan kusa. Na fi so in ga mai bishara bai taɓa kwanon baiko da hannunsa ba. Mutum biyu su ƙirga a gaban juna, magatakarda ya rubuta, ma'aji ya ajiye, ƙarshen wata a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita, ko da naira dubu biyu ce. Bulus da kansa, da yake tara gudummawa don matalautan Urushalima, ya nemi ekklesiyoyi su zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kada a samu abin zargi. Kuma a koya wa masu bi bayarwa tun suna kaɗan. Wanda ba shi da kuɗi yana da damin dawa a ranar godiyar kaka, yana da kwana ɗaya da zai ba gonar ekklesiya. Ɗakin sujada na jar ƙasa da jinka wanda jama'a suka gina da gumin kansu, in ya zube za su tashe shi. Na bulo da wani baƙo ya gina musu, in kwano ya yaye sai su zauna jiran baƙon ya dawo. Don haka ina roƙon kada a gaggauta gini, kuma kada a ja mutane da kyautar atamfa ko shinkafa. A taimaki mabukaci don yana bukata, ko zai zo sujada ko ba zai zo ba.

Fili kuwa, ko kyauta aka ba ka, a rubuta takarda da sa hannun mai shi da magadansa da mai unguwa da shaidu. Wanda ya bayar da zuciya ɗaya zai mutu, 'ya'yansa ba lalle su ga abin yadda ya gani ba. Lasifika a juya ta ciki, a rage mata murya, maƙwabci yana da haƙƙin barcinsa da lokacin sallarsa. In jama'arka Kambari ne ko Fulani, Hausarka ba ta isa ba, ka koyi harshen da suke wa 'ya'yansu faɗa da shi, ka bar su su tsara waƙoƙi da kiɗansu.

Akwai wurin da nake neman ka yi tafiya a hankali ƙwarai, wato ranar da dattijo mai mata biyu ko uku ya ce ya ba da gaskiya. Kowace ɗarika da ƙa'idarta a kan baftisma da shugabanci, ka bi ta ɗarikarka. Amma kada ka bari a kori mace da 'ya'yanta su shiga duniya da sunan gyaran aure. Ci da sha da suturarsu da makarantar yaran suna wuyan mijin har abada, kuma kai ne za ka fara faɗa masa haka.

Sauran maganata ta mu ce da ke zaune a birni. Muna son jin rahoton an buɗe sabuwar tasha, mu tafa, mu tashi. Wasunmu ma abin da muke kira kafa ekklesiya shi ne mu kama shago kusa da wata majami'a mu janye mata mutane, alhali akwai garuruwan da ba mai zuwa. Ku kuma shugabannin gunduma, in kun ga mai bishara ya raini dattawa har suna iya riƙe wuri, kada ku ɗauka aikinsa ya yi sauƙi ku manta da shi, wannan ne ma'aikacin da ya kamata a fara tunawa da shi. Majami'ar da ta ɗauki nauyin mai bishara ta biya shi a kan kari, domin ɗan abin da ake ba shi in ya yi wata uku bai zo ba, bashi yake ci a garin da yake wa wa'azin gaskiya. A kai masa ziyara ko sau ɗaya a shekara, a kwana a ɗakinsa, a sha ruwan da yake sha. A ɗauki kuɗin makarantar 'ya'yansa, waɗanda galibi sai an tura su nesa kafin su samu sakandare. In ya rasu a bakin aiki, kada a ba matarsa wata ɗaya ta kwashe kaya daga gidan mishan ba tare da an san inda za ta ba. Kuma tunda mutumin nan ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar aro da ɗakin aro, a saya masa fuloti da ɗan gona a inda yake so ya huta, a damƙa masa takardun tun yana da ƙarfin ɗaga fartanya.