Ƙaramar Jif Ba Motar Iyali Ba Ce

Sanata Sunday Karimi ya yi maganarsa a Abuja, amma a Zariya ta sami gindin zama. A watan Oktoban 2023 ƙasa ta ɗauki zafi kan motocin da za a raba wa 'yan Majalisar Tarayya su 469, jaridu suna cewa kuɗin guda ɗaya ya kai wajen naira miliyan 160. Shi ne ya fito gaban 'yan jarida ya kare cinikin, babbar hujjarsa kuwa ita ce hanyoyin Najeriya sun lalace, saboda haka sai mota mai jure wuya. An yi masa ca a rediyo da Facebook, kuma ba a zalunce shi ba. Abin takaicin shi ne waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a majalisun Samaru da rumfunan kasuwar Sabon Gari su ne dai suke maimaita wannan hujja, ba su rage ko wasali ba, duk ranar da ɗayansu ya tashi canza mota. "Ai hanyoyinmu sai jif," haka ake cewa, kowa ya gyaɗa kai, an rufe magana.

Da yake babu kuɗin Prado, sai a gangaro kan ƙannenta, wato Toyota RAV4 da Honda CR-V da makamantansu. Malamin jami'a ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata wanda za a yi shekaru ana yanka a albashinsa, ɗan kasuwa ya gutsuri jari, ma'aikaciyar jinya ta kwashi adashi biyu ta haɗa, duk don a ajiye ƙaramar jif a ƙofar gida a ce an sayi motar iyali. Abin har ya kai magidanci mai lafiyayyar Corolla yana jin kamar bai sauke nauyin gidansa ba.

Iyalin wa? A ƙirga kujerun mana. Mutum biyar RAV4 take ɗauka har da direba, daidai da Corolla, daidai da Civic, daidai da Golf ɗin da ke lodi a Kwangila. 'Yan kaɗan da suka zo da layi na uku, babba ba ya iya miƙe ƙafa a cikinsa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a tsaka-tsaki macen Arewa maso Yamma tana haihuwar sama da shida. Ba a ma kawo zancen mai mata biyu ba, ko ɗan riƙo, ko ƙanwar uwargida da ta zo karatu Kongo ta tare a gidan. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, kuma ba gidan Bahaushe suka auna ba da suka zana su.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wata makarantar firamare a Samaru da ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san yadda ake cike giɓin. Huɗu a kujerar baya, ɗaya a cinyar babbar yaya, auta a tsaye tsakanin kujerun gaba yana dafe da kafaɗar babansa. Biyu kuma a but, zaune a kan jakunkunan makaranta da kulolin abinci, goshinsu a jikin gilashin baya suna ɗaga wa 'yan acaba hannu. Da yake but ɗin jif a buɗe yake ta ciki, an mayar da shi kujera. Babu bel a wurin, babu abin da ya raba yaron da motar da ke biye sai ƙofa ɗaya. Ranar da burkin tirela ya ƙi ci a titin Sakkwato, Allah ya kiyaye, su ne na farko. Wannan ganganci ƙaramar jif ce ta buɗe masa ƙofa, domin mai Corolla ko ya so ba zai kulle ɗansa a but ba.

Sai zancen tsayi, wanda shi ne jarin dillalai. "Ranka ya daɗe, wannan ba ta san rami ba," in ji dillali yana bubbuga bayanta. Tazarar da ke tsakanin cikin RAV4 samfurin 2006 zuwa 2012 da ƙasa kimanin santimita 19 ce, ta Corolla mai irin shekarunta kuwa wajen 15. Bambancin ke nan, faɗin yatsu uku, kuma a kansa ake ƙara miliyoyi. Da yawa daga cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ma tayoyin gaba kaɗai ke ja, kamar kowace ƙaramar mota, mai ita bai sani ba sai ranar da ta kafe a taɓon Hayin Dogo cikin watan Agusta, samarin unguwa suna turawa yana zuba musu sannu ta taga. Sannan ina ne mai jif ɗin nan yake zuwa kullum? Daga gida zuwa babbar ƙofar jami'a, daga Palladan zuwa PZ, daga Hanwa zuwa kasuwa, kusan duk a kan kwalta. Guntun layin da ya lalace, wanda saboda shi aka ci bashin, sau da yawa bai kai tafiyar minti biyar a ƙafa ba. Wanda yake da gona a bayan Bomo ko Basawa yana kwaso buhuna, a-kori-kura yake buƙata, shi ma ya sani.

Mai kuwa ba ya jin lallashi. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu. Tankin waccan RAV4 lita 60 yake ci. A kan naira 617, cika shi sau ɗaya ya haura naira 37,000, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin 30,000 ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa irin waɗannan motoci sun fi matsakaiciyar mota shan mai da kusan kashi 20 cikin 100, kuma wannan lissafin lafiyayyu ne, ba wadda ta shekara goma sha biyar tana yawo a wata ƙasa kafin ta ga Kwatano ba. A leƙa kowane gidan mai tsakanin Kwangila da Samaru a ga abin da ya biyo baya: jif tana sheƙi, gilasai a sauke saboda ba a isa a kunna na'urar sanyi ba, mai ita ya rage murya ya ce wa yaron famfo, "Sa na dubu uku." Wasu kuma sun lulluɓe tasu da tamfol tun Litinin, maigida ya bi acaba, uwargida da yara su tsaya jiran Napep a rana, motar ba ta fitowa sai sallar Juma'a da ɗaurin aure. Bashin dai ana nan ana yankarsa kowane ƙarshen wata, ko an tuƙa ko ba a tuƙa ba.

A gareji ma kuɗin jif daban ne. Tayarta ta fi girma, don haka ta fi tsada, shi ya sa ake ƙarewa wajen tsofaffin tayoyin gwanjo da suka gama aikinsu a Turai. Mota mai tudu ta fi ta ƙasa saurin kifewa idan taya ta fashe ana gudu, ga shi kuma yanzu da aka gyara hanyar Kaduna zuwa Zariya kowa taka mota yake yi. Shokozoba, ƙafafu, baƙin mai, komai da ƙari, tun ma ba da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024 ba. Makaniki yana hango jif ta shigo zai miƙe ya ce "Sannu da zuwa, Alhaji," kuɗin aiki ya canza tun ba a buɗe gaban motar ba. Da yawa cikin motocin nan a kasuwar gwanjon masu haɗari da waɗanda ambaliya ta cinye aka sayo su a Amurka, aka buge, aka fesa fenti, aka mayar da lambar tafiyarsu baya. Akwai kuma abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, wanda makanikai suke kira indomi. Ana fafe shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, wani lokaci tun motar ba ta iso hannun mai saye ba, daga nan sai shan mai da warin hayaƙi su ƙaru, yaran da ke but su ne suka fi kusa da shi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne halin da tsayin nan yake saka wa direba. Mutumin kirki, mai gaida kowa a masallaci, da ya hau kujera mai tudu sai ya ga titi nasa ne. Ya hau kan kwalbati ya yi fakin a inda masu tafiya a ƙasa suke bi, ya tare rabin layi a Sabon Gari inda tun asali ba a yanka titunan don irin wannan faɗin ba, ya danna wa mai baro hon kamar zai tashi matattu. Da damina ya keta ruwan da ya kwanta a guje, tunda shi ba ya tsoron ya shigar masa inji, ya wanke ɗalibai mata da fararen hijabansu da ruwan kwata, gilashi a rufe da baƙin tint, ba wanda zai gane shi balle a kai ƙara gidansu. Fitilar gabansa da daddare daidai idon mai ƙaramar mota da ɗan acaba take sauka. Wannan ba ƙorafin hassada ba ne. A Nuwamban 2023 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da sakamakon da ya nuna cewa gwargwadon tudun gaban mota, gwargwadon yadda take kashe wanda ta buge, har mafiya tudu suka zarce na ƙasa da wajen kashi 45 cikin 100. Dalilin a fili yake: ƙaramar mota a ƙafa take dukan babba, mai tudu a ƙugu ko ƙirji, yaro kuwa a kai. Mutanen Paris sun kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 suka ninka wa manyan motoci masu nauyi kuɗin fakin sau uku. Samaru gari ne na masu tafiya a ƙasa, dubban ɗalibai suna tsallaka titin Sakkwato safe da yamma, almajirai da 'yan talla suna ratsawa tsakanin motoci, amma nan ne ake yi wa mai tudu kirari.

Za a ce kuɗinsa ne, ya sayi abin da ya ga dama. Titin dai ba nasa ba ne, ƙafar ɗan maƙwabci ma haka. Za a ce saboda tsaro ne. Masu tare hanya ba su taɓa tsoron RAV4 ba, ita suke fara kallo.

Tsofaffin Samaru ba su manta motar iyali ta gaskiya ba. Peugeot 504 ce, wadda aka riƙa haɗawa nan kusa, a Kakuri ta Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma ba a daina ba sai wajen 2006. Doguwarta mai layi uku tana kwashe mutum bakwai ko takwas kowa da mazauninsa. 504 ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da suka fi na Hayin Dogo muni nesa ba kusa ba, ba tare da an kira ta jif ba. A zamanin mulkin soja na Obasanjo ita shugaban ƙasa yake hawa, ita babban sakatare yake hawa, ita malamin jami'a yake saya da bashin mota ya biya bai rame ba. Kowane makaniki daga Tudun Wada zuwa Funtuwa ya san cikinta. Su wa suka kashe wannan? Gwamnatocin da suka ga motar gida ta yi musu kaɗan, suka koma odar jif daga Japan da kuɗin jama'a. Aka sayar da kamfanin a 2006, bashi ya danne shi, hukumar AMCON ta karɓe a 2012, ma'aikata suka watse, Kakuri da masaƙunta suka rufe tun kafin nan ta ƙara yin shiru. Umarnin da Osinbajo ya sa wa hannu a 2017, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, cewa hukumomi su fifita kayan gida yana nan a takarda. Sabuwar masana'antar Peugeot ta Dangote ta fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, kamfanin motoci na Innoson yana Nnewi, amma da Majalisa ta tashi kashe biliyoyinta, ƙetare ta nufa. Kuma Majalisar Wakilan da ta karɓi kaso mafi yawa na motocin, ɗan Zariya ne, Abbas Tajuddeen, yake riƙe da gudumarta.

Nan ne ɓarnar ƙaramar jif ta fi girma. Mutanen da suke da ilimi da murya da lambar wayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda in sun haɗa kai za a saurare su, su ne suka sayi hanyar tsallake ramin kowa shi kaɗai. Akwai layuka a Palladan da Hanwa da za a ƙirga jif goma a ƙofofin gidaje, ga lambatu a toshe da leda shekara da shekaru, ruwan sama yana cin titi yana shiga zauruka. Kuɗin tayoyi huɗu na kowace ɗaya, in an tara, ya isa a yashe lambatun a zuba tifofin tsakuwa, ragowar a yi hayar bas a cika ta da masu unguwa da dattawa zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari a tambayi inda kuɗin hanya ya shiga. Mai Napep da ke kai yaran layin makaranta da mai kurar ruwa da ke kawo musu jarka ba su da wannan lambar waya, kuma su ne ramin yake karya wa ƙafa kowace damina.